Katifar da Labbo Ya Bari

Shekarar da waken suya ya yi albarka a ƙasar Tsafe, Labbo ya kai nasa kasuwa ya dawo da katifa ɗaure a bayan babur. Ta yi masa fukafukai hagu da dama, har masu tafiya a ƙasa suka riƙa ratsewa cikin gonaki suna ba shi hanya. Matarsa Hanatu tana tsakar gida tana surfe ta ji yara sun ɗauki sowa a waje. Da ta leƙa ta ga abin da ake shigowa da shi, sai ta jingine taɓarya ta rufe baki da gefen mayafi.

"Malam, mi ne ne haka?"

"Bayanki ya sha wuya ya isa," in ji Labbo yana kwance igiya. "Waccan ta audugar rimi ta zama dutse. A ba yara."

Labbo ƙaton mutum ne, dogo, mai faɗin ƙirji, irin wanda yake saɓa buhun dawa shi kaɗai yana ba da labari. Ba ya iya yin abu a ɓoye, ko dariya ya yi sai maƙwabta sun san ya dawo. Ita kuwa Hanatu mace ce mai shiru da tattali, abin da ya shigo hannunta ba ya saurin mutuwa. Ta ɗinka wa katifar riga da tsohuwar atamfa. Ta sa aka jera katako a ƙarƙashinta don kada danshin ƙasa ya taɓa ta, ta zuba busasshen ganyen darbejiya a tsakani saboda kuɗin cizo. Ranar da rana ta buɗe sosai takan ja ta waje ta jingina a jikin rumbu, ta bubbuge ta da sanda, in za ta mayar kuma sai ta juya, kai ya koma ƙafa, ciki ya koma baya, don kada gefe ɗaya ya lotsa. Yaro ko ɗan akuya bai isa ya hau ba. Matan gidan sukan tsokane ta su ce da katifar nan tana da baki da Inna za ta riƙa kiranta.

Shekaru suka tura, katifa tana nan kamar jiya aka sauke ta. Ƙauyen ne bai tsaya yadda yake ba. 'Yan bindiga suka fara da shanu, suka koma tare hanya, daga baya suka aiko cewa kada wanda ya sa lauje a gonarsa sai da izininsu. Kakar ta zo, dawar Labbo ta nuna ta sunkuya, tsuntsaye suna ta biki a kanta. Ya daure ya daure, wata safiya ya ce shi ba zai zauna yana kallon guminsa yana zubewa a ƙasa ba. Ya fita da ɗansu na fari, Anas. Kafin azahar aka shigo da su biyun a kan amalanke. An rufe Anas har fuska. Labbo yana numfashi, da harsashi a bayansa.

Tun da Hanatu ta haifi Anas ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Ranar da aka shimfiɗe shi a zaure ma ta buɗe baki, sunan bai fito ba.

A asibiti a Gusau aka cire harsashin. Likita ya kira Hanatu da yayanta Tukur gefe, ya ce ƙarfen ya taɓa laka, daga ƙugu zuwa ƙasa Labbo ba zai sake jin komai ba, kuma ba zai iya riƙe fitsari ko bayan gida ba. Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe hannun Hanatu ta ce, "Inna, abu biyu zan gaya miki. Ki riƙa juya shi, kada ya daɗe a gefe ɗaya. Kuma kada ki bar shi cikin danshi. Danshi shi ke cin masu irin wanga ciwo, ba harsashi ba."

Komawa gida babu ita, don ƙauyen ya watse gaba ɗaya. 'Yarsu Mansura tana aure a nan Gusau, amma ɗaki ɗaya ne na haya, ita da mijinta ɗan kabu-kabu da 'ya'yansu. Tukur ne ya ce su taho Bungudu, inda yake da rumfar hatsi a kasuwa. Ya ba su ɗakin da ya gina wa ɗansa Haruna, wanda aka riga aka kai wa kuɗin gaisuwa, ya ce aure ya jira. Shi ne kuma ya bi wasu mutane a a-kori-kura daga Tsafe, suka shiga ƙauyen da rana tsaka kowa ya kwashi abin da ya samu. Ya tarar an ƙone rumbuna, babu ko kaza. Ya dawo da tukunya, da turmi, da katifa.

Da Hanatu ta ga an sauke katifar a ƙofar gidan Tukur, da toka a jikin rigarta, sai ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba a asibiti.

Rani ya taimake ta da farko. Kullum da safe Tukur da Haruna sukan ɗauki Labbo su kwantar da shi a tabarma a inuwar zaure, ita kuma ta ja katifa tsakar gida. Ba ta kwara mata ruwa, don ta san soso in ya sha ba ya amayarwa. Tsumma take jiƙawa da ruwan sabulu ta goge wurin, ta danna da busasshe, ta barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka, ta bar rana ta yi sauran. Kafin la'asar ta bushe ƙayau, ta kakkaɓe ta, ta juya ɗaya gefen, a mayar da mai gida. Ta gwada shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado. Ledar ta kare katifa, amma ta tara masa zufa, fatar bayansa ta yi fari ta fara saɓulewa. Ta cire ledar. Ta ga in ta kare katifa shi zai cutu, in ta kare shi katifa za ta sha. Ba ta yi dogon tunani ba, ta bar katifa ta sha.

An sa masa robar fitsari a asibiti, amma sai an riƙa komawa Gusau ana canzawa, kuma ɗaukar Labbo a mota aiki ne na maza da yawa. Kasuwar Tukur ma ta ja baya, tunda ƙauyukan da ke kawo hatsi ba su noma ba. Ranar da robar ta toshe aka cire ta, ba a sake sa wata ba.

Da bazara ta kankama, zafi ya sauko kamar a tanda. Nauyin Labbo ya yi rami a tsakiyar katifa, ramin da juyi ba ya gyarawa. Hanatu ta riƙa cusa tsofaffin zannuwa a ƙarƙashi don ta ɗago wurin. Wata rana tana goge masa jiki ta ga wani jan tabo a ƙasan bayansa, kamar faɗin bakin ludayi. Kafin mako ya zagayo ya fashe. Shi bai ji komai ba. Ta wanke da ruwan gishiri ta rufe, ba ta gaya masa ba.

Amma Labbo ba yaro ba ne. Yana kwance yana kallon rufin kwano ya ce, "Hanatu, ki mayar da ni tabarma. Na kashe miki katifa."

"Kai ka saye ta."

"Ke na saya ma."

"To aro na ba ka. In ka miƙe ka biya ni da sabuwa."

Ya yi dariya, irin tasa ta da, amma ba ta kai ƙofar ɗaki ba ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Ni da ita dai, ban san wa za ya riga wani ƙarewa ba."

"Malam, ka bar faɗin haka."

"Na bari." Can ya ce, "Na ji iska ta juya. Halan an fara gyaran gona can wajenmu?"

Ta ce ba ta ji labari ba. Ta ji. Ba wanda ya koma, kuma an ce ciyawa ta rufe hanyar rijiya.

Cikin kwanakin nan ne Mansura ta aiko cewa wata ƙungiya za ta raba wa 'yan gudun hijira katifu da barguna a wani fili a Gusau. Hanatu ta yi ta juya maganar. Ba ta taɓa barin Labbo na wuni guda ba. Tukur ya ce ta tafi, shi zai rufe rumfa ya zauna da shi. Ta gyara shi tsaf, ta ajiye ruwa da tsummoki a inda hannu zai kai, ta shiga motar farko.

Ta tarar filin ya cika tun kafin ta iso. Mata ne ko'ina, da goyo, da tsofaffi a zaune a ƙasa. Ta ga fuskokin da ta sani daga ƙauyensu da na kusa da su, aka gaisa, aka yi wa juna ta'aziyya, kowa da wanda za a yi masa. Rana ta take. Sai wajen azahar babbar mota ta shigo, katifu a jere a bayanta cikin leda, sirara, shuɗaye. An fara miƙawa cikin tsari, sai na baya suka ga kayan ba za su kai gare su ba. Aka turo. Wasu samari suka haye motar suna jefo wa nasu. Hanatu ta ji an danne ta ta baya, ta faɗi a kan gwiwa, wani ya taka mata hannu. Da ta samu ta miƙe, motar babu komai sai yagaggun ledoji, takalminta ɗaya kuma ya tafi. A hanyar tasha ta ga irin katifun nan a jingine a gaban wani shago, har an fara tayawa.

Ta isa Bungudu dab da magariba. Tukur ya tare ta a zaure ya ce lafiya lau suka wuni, ya tambayi Labbo sau da yawa ko yana son wani abu, ya ce a'a. Tana ɗaga labule zarni ya buge ta. Ta ɗaga zanin da ya rufa da shi. Tun safe yake cikin abin da ya fito daga jikinsa, ya jiƙe har kafaɗa, katifa ta shanye sauran.

"Don mi ba ka gaya ma Yaya ba?"

Labbo ya juya fuska bango. "Surukina ne, Hanatu. Da wane ido?"

Bai tambaye ta katifar da ta je nema ba. Ya ga ƙafarta ɗaya babu takalmi.

A makon nan ruwa ya sauka. Da farko ana samun rana tsakanin ruwa da ruwa, tana fitar da katifa tana tsaye a kanta tana kallon gabas, hadari na haɗuwa ta ja ta ciki da gudu. Da marka ta kama, sai sama ta rufe, a wuni a kwana ana yayyafi. Katifa ta daina bushewa. Ta jingina ta a bango ta sa kaskon gawayi a kusa, gefe ɗaya ya yi zafi ya narke ya yi baƙi, saura kaɗan ɗakin ya kama. Fumfuna ta fito mata tabo-tabo. In ta danna tsakiyar da tafin hannu sai wani ruwa mai launin ƙasa ya taso tsakanin yatsunta.

Warin ya fita daga ɗaki ya zauna a tsakar gida. Saude, matar Tukur, ba ta taɓa cewa uffan ba. Turaren wuta take sawa safe da yamma, ta kwashe 'ya'yanta su ci abinci a zaure. Masu zuwa dubiya suka koma tsayawa daga bakin ƙofa su yi addu'a su juya. Wata safiya Saude ta shigo da 'yar katifar yaranta a kai.

"Innar Mansura, ki sa shi bisa wagga, waccan ta samu ta sha iska."

"Saude, za ta lalace."

"Ta lalace. Yara ne, ko bisa dutse barci sukai."

Katifar yaran gajera ce, siririya, ƙafafun Labbo suna ƙasa, ƙashin ƙugunsa yana taɓa siminti. Ba ta yi mako ba ita ma ta jiƙe ta ɗauki wari, babbar kuwa ba ta bushe ba. Aka mayar da shi kan babbar. Yaran Saude suka koma tabarma, Hanatu ta kasa haɗa ido da uwarsu.

Gyambon ya zama biyu, ya zama uku. Na farkon ya zurma har tana iya ganin abin da bai kamata a gani ba. Wani malamin asibiti da ke unguwar yakan zo ya wanke ya sa magani, ranar ƙarshe da ya zo ya kira Tukur waje ya ce ciwon ya shiga jini, sai dai Gusau. Labbo ya ji su. Ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa ya ce kada wanda ya sake ɗaukar shi zuwa ko'ina, ya gaji da zama kaya. Zazzaɓi ya riƙa kama shi yana saki. In ya kama shi sai ya yi ta kiran Anas, yana ce masa ya ɗaure damin da kyau.

Wata safiya ya farka da hankalinsa garau. Ana ruwa, siriri, marar iska. Ya ce ta ɗage labule. Ta ɗage, ta tallafo kansa ta ɗora a cinyarta don ya ga waje. Ya daɗe yana kallon yadda ruwan ke sauka daga indararo.

"Wanga ruwan dawa ne," ya ce. "Irin shi take so."

Ta ba shi kunu ya kurɓa kaɗan. Ya ce ta yafe masa wahalar da ya ba ta. Ta ce babu abin yafewa, in ma akwai ta yafe, shi ma ya yafe mata. Kafin a kira azahar ya cika. Da maza suka ɗauke shi don wanka, suka yi mamakin rashin nauyinsa.

Hanatu ta yi takaba a ɗakin. Ta jingina katifa a bango ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Damina ta wuce, iska ta bushe, katifar ma ta bushe a ƙarshe, lokacin da bushewar ba ta da sauran amfani. Ramin da jikinsa ya yi yana nan, ana ganin inda kafaɗa take da inda ƙugu yake. Ba ta iya kwanciya a kai, ba ta kuma iya cewa a fitar. Wani lokaci in ta idar da salla takan samu kanta ta miƙa hannu tana danna gefen da bai lalace ba, ba tare da ta san dalili ba.

Ta fita takaba cikin tsananin sanyi. Bayan kwana biyu Tukur ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar tsadar masara, ya yi ta hanyar Tsafe da har yanzu ba a bi da yamma. Daga ƙarshe ya ce iyayen yarinyar da Haruna zai aura sun aiko, sun ce in ba a shirya ba a sallame su.

"Ba korarki nike ba, Hanatu. Allah ya sani. Ki koma ɗakin Saude ku zauna."

"Yaya, wanda ya yi abin da ka yi ba ya kora. Ɗakin Saude kuwa ko yaranta bai ishe su ba."

Ta riga ta yi magana da Mansura. Akwai wata Hajiya mai sayar da abinci a tasha a Gusau da ke neman mai wanke-wanke, kuma ma'aikatanta a rumfar suke kwana. Wurin tabarma ɗaya ne. Saura katifa.

Saude ta ce a ba da ita sadaka, ladan ya kai ga mamaci. Hanatu ta ce wa za ta kalla ta ba wannan ta kira shi sadaka? Tukur ya ce akwai wani Gambo, mai gyaran katifu a kasuwar Gusau, yana zagayawa ranar kasuwa yana sayen tsofaffi, ya yanka soson ya cusa a matasai da kujeru. Aka kira shi. Ya zo da babur da igiya a shirye, aka fito masa da ita tsakar gida. Ya zagaya ta, ya sa reza ya farke rigar daga tsakiya. Soson ciki ya yi baƙi kamar hanta. Ya ɗan tsunkula, ya marmashe a hannunsa kamar dambu. Ya kai hanci ya janye.

"Inna, majinyaci ya kwanta bisa wagga."

"Mai gidana ne."

"Allah ya jiƙan shi." Ya goge hannu a wando. "Soso ne mai kyau, irin na da, yanzu ba a yin shi. Amma ta mutu. Matashi nike yi, mutane kai suke ɗorawa, yara su sa baki. Ba ni iya sa wanga ciki in kwana lafiya."

"Gefen fa? Gefen bai taɓu ba."

"Warin ya ratsa, Inna. Yau ba ki ji don sanyi. Zafi na dawowa za ya tashi."

Ta tambaye shi to yaya za ta yi da ita. Ya ce kada dai a jefa a kwata ko a gulbi, damina na zuwa za ta toshe ruwa ta jawo wa mutane ambaliya. Ko a haƙa rami a binne, ko a kai bayan gari nesa da gidaje a ƙone, kuma mai ƙonawa ya tsaya ta inda iska ke fitowa, don hayaƙin soso yana kama ƙirji. Ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Binnewa ta tsaya wa Hanatu a rai, ta ji kamar za a yi jana'iza ta biyu. Ta zaɓi wuta. Washegari da hantsi ta naɗe katifa ta ɗaure da tsumma, ta ɗora a kai. Haruna ya ce zai kai mata, ta ce a'a. Saude ta bi ta da ashana da ɗan kananzir a kwalba.

Hanyar bayan gari ta bi ta gefen wata makarantar firamare. An yi hutu, kuma a 'yan kwanakin nan mutanen wasu ƙauyuka da aka tasa sun cika azuzuwan. An rataye zannuwa a tagogi saboda sanyi, ana girki a murhun duwatsu a filin wasa. Suna wucewa wata mace ta taso daga bakin aji da gudu-gudu, da goyo a bayanta, ta sha gabansu ta gaishe su. Ba za ta wuce sa'ar Mansura ba. Ta ce sunanta Hussaina.

"Inna, ina za a kai katifa?"

"Ƙonewa za a yi, ɗiyata."

"Ƙonewa?" Ta dubi kwalbar hannun Saude. "Don Allah ki ba ni. Uwar mijina na ciki, tsohuwa ce, tari take. Bisa siminti take kwana, ko tabarma ba mu fito da ita ba."

Hanatu ta sauke kayan ta kwance tsumman, ta buɗe inda Gambo ya farke. "Dibi da idonki. Mutum ya yi jinya bisa wagga har ya rasu. Ita ta ci mai baya. Ba abin ba wani ba ce."

Hussaina ta duba. Fuskarta ba ta canza ba. Ta tsuguna ta danna gefen da hannu biyu, ta ga ya lotsa ya dawo.

"Ta fi siminti," ta ce.

Hanatu ta dubi Saude, Saude ta dubi ƙasa. Daga cikin ajin ana jin tarin, busasshe, mai tsawo, irin wanda ba ya barin mai shi ya ja numfashi. Hanatu ta tsaya da tsumman a hannu. Ta san abin da ke cikin soson nan fiye da kowa a duniya. Ta kuma san sanyin siminti da asuba.

"Ki kwantar da ita ta gefe, kada ki bari ta gangara cikin ramin," ta ce a ƙarshe. "Ki shimfiɗa zani biyu. Rana na fitowa ki fitar da ita, ki juya. Kada ki zuba mata ruwa, tsumma za ki jiƙa. In kin samu toka..."

Hussaina tana cewa to, to, amma ta riga ta kama gefe ɗaya tana ja, goyonta yana kuka. Ba ta ji rabin maganar ba. Suka tsaya har ta shige da ita aji, sannan suka juya gida da kananzir ɗinsu.

An yi kusan wata kafin Hajiya mai abinci ta aiko cewa ta zo. Ranar tafiya Hanatu ta ɗaure kayanta a zani ɗaya, ta bar wa Saude turmi da tukunya. An riga an fara shafa wa ɗakin farar ƙasa, an buɗe taga don ya sha iska. Ta ce wa Tukur ya yi gaba zuwa tasha, za ta biya ta gaida wata.

Ta tarar an koma karatu, yara suna ta bin malami da ƙarfi a ajin da Hussaina ta shiga. Babu zannuwa a tagogi, sai baƙin murhu a filin wasa. Wata mai tuyar awara a bakin ƙofa ta ce an tashe su tun da hutu ya ƙare. Hanatu ta kwatanta mata Hussaina.

"Mai goyon nan? Ai tsohuwar ba ta daɗe ba. Nan aka yi mata sutura."

"Ita fa?"

"Wa ya sani? Wasu sun ce Gusau suka nufa, wasu sun ce sun koma daji, wai gara a mutu gida."

Katifar tana bayan makaranta a kan juji. An cire mata riga. Yara sun yayyage gefen mai kyau suna goge allo da shi, tsakiyar ce kawai ta rage, baƙa, wata akuya tana kwance a cikin ramin tana tuƙa. Hanatu ta tsaya da ƙullinta a kai. Ba ta zo da ashana ba, kuma ko ta zo da ita, ga yara cike da azuzuwa, iska kuma wajensu take kaɗawa. Ta ji ɗan kamasho daga titi yana kiran Gusau, saura mutum ɗaya. Ta gyara ƙullin ta tafi.

Da la'asar Mansura ta raka ta rumfar Hajiya. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaya ko bayanta na da lafiya, don aikin na sunkuyo ne. Hanatu ta ce lafiya lau. Aka nuna mata tulin kwanuka da baho, aka nuna mata lungun da ke bayan buhunan shinkafa, aka ce in an tashi kasuwa ta ɗauki kwali a wajen mai shayi ta shimfiɗa. Ta ajiye ƙullinta a lungun, ta ɗaure zani, ta jawo baho.